Kada ka sa fayin ɗin nan a kasko tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayi ɗan itacen fayin a wajen masu sayar da dashe a bakin titi nan Jos, yana cikin baƙar leda, tsawonsa ya kai gwiwa, kaurinsa bai wuce na biro ba, kuma kana son ka mayar da shi bonsai, wato itacen da ake renonsa ƙarami a cikin kasko da siffar babban itace, irin waɗanda kake gani a bidiyon Japanawa. Kana tambaya ko ka datse kansa yanzu, ka share rassan ƙasa don gangar jikin ta fito fili, sannan ka zaunar da shi a ɗan ƙaramin kasko.

Dukkansu ukun a'a. Na biyun ma shi ne mafi haɗari, domin shi ne wanda in ka yi ba ya gyaruwa.

Amma fara duba ko fayin ne ma a hannunka, don masu dashe itace uku suke kira da wannan suna. Tsinko ganye ka kalle shi da kyau. Fayin na gaskiya tsinkayen ganyensa a ɗaure suke, bibbiyu ko uku-uku ko biyar-biyar, gindinsu cikin wani ɗan kube mai ruwan ƙasa, in ka murza kuma za ka ji ƙamshin ƙaro a yatsunka. Wanda bai shekara ba yakan yi ganyen yarinta guda-guda mai laushi, amma na tsawon gwiwa ya kamata a ce ya fara ɗaurin. In kuwa ka ja ganyen ya rabu gaɓa-gaɓa, to Casuarina ne, wanda ake jerawa a bakin katangar makarantu yana fito in iska ta taso. Wannan ba fayin ba ne ko kusa, sai dai kada ka yi baƙin ciki, ya fi fayin sauƙin sha'ani, kuma mutanen Indonesiya suna yin bonsai na gani na faɗa da shi. Na ukun shi ne Araucaria, mai rassa hawa-hawa a jere, wanda kasuwarsa ke tashi lokacin Kirsimeti. Shi kam bar shi ya yi adon tsakar gida, ba ya karɓar wannan aikin yadda ake so.

In ka ƙirga ka ga uku-uku ne dogaye, mai yiwuwa Pinus caribaea ne, wanda ma'aikatan gandun daji suka shigo da shi daga yankin Amurka ta Tsakiya suka dasa a nan Filato da Afaka ta Kaduna. Fayin ba ɗan ƙasar nan ba ne, duk wanda ka gani a Najeriya kawo shi aka yi. Sanin irin yana da amfani saboda ganyen wannan yakan kai santimita 15 zuwa 25, alhali baƙin fayin na Japan, Pinus thunbergii, wanda shi ne a yawancin bidiyon da kake kallo, nasa bibbiyu ne kuma wajen rabin haka. In ka nufi itace mai tsawon taƙi ɗaya da irin namu, abin da za ka samu kamar an kafa tsintsiya ce a tukunya. Saboda haka tun yau ka sa a ranka babba za ka yi, santimita 60 zuwa 90, yadda ganyen zai dace da jikin.

Wani abu game da bidiyon nan: aikin da suke nunawa na ƙarshe ne, a kan itatuwan da suka gama yin jiki tuntuni. Akwai wani farin fayin na Japan a gidan adana itatuwa na ƙasa da ke birnin Washington, tun 1625 ake renonsa, yana Hiroshima lokacin da aka jefa bom a 1945 kuma ya rayu, aka ba Amurka kyautarsa a 1976. Ba na ce sai ka jira ƙarni ba. Ina nufin almakashin da ka ga dattijo yana sa wa irin wannan itace, ba shi ne abin da ɗan shekara biyu yake bukata ba. Naka abu uku yake nema yanzu: kauri, saiwa mai bazuwa, da rassa a can ƙasa.

Kasko kauri yake tsayarwa, amfaninsa ke nan. Itacen da ka sa a kasko yana kaurin biro, bayan shekara goma za ka same shi da kaurin ɗan yatsa, in ma ya rayu. Ni abin da nake amfani da shi kwandon roba ne mai huji-huji, irin na tsame taliya, wanda za ka samu a Taminus ko kowace kasuwa. Saiwa in ta kai bakin huji ta haɗu da iska sai bakinta ya bushe, ta koma ta yi 'ya'ya daga ciki. Maimakon doguwar saiwa guda tana zagaye leda, sai ka sami ƙananan saiwoyi cunkus kusa da gindi, kuma su ne za su riƙe itacen ran da ya shiga kasko. In kana da fili a gida, dasa shi a ƙasa ya fi komai saurin kawo kauri, sai dai ka binne fale-falen tayil ko fasasshen faranti a ƙarƙashinsa don saiwa ta bazu gefe, kada ta nutse.

Ƙasar da za ka zuba ita ce inda mafi yawan mutane suke rasa itacensu a garin nan. Baƙar ƙasar da ke cikin ledar tana da kyau a lambu, amma a tukunya, cikin ruwan Yuli da Agusta na Jos da sai a kwana a wuni ana yi, taɓo take zama, fayin kuma ba ya jure saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Japanawa suna da akadama, wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da suke haƙowa a can. Mu ba sai mun yi odarta ba. Fasa jan bulo ƙonanne, ka tankaɗe da rariya biyu, ka zubar da garin, ka ware manyan, ka riƙe masu girman milimita 3 zuwa 6. Ka fara jiƙa ɗan kaɗan ya kwana, da safe ka matsa da yatsa. In ya narke bai ƙonu sosai ba, nemi wani. In hanya ta bi da kai wajen Kerang ko Panyam a Mangu, inda tsoffin duwatsun aman wuta suke, tsakuwar nan mara nauyi mai ƙananan ramuka ta fi bulon ma. Haɗina kashi biyu na bulon ko tsakuwar dutsen nan, kashi ɗaya tsakuwar rafi wankakkiya, kashi ɗaya ruɓaɓɓen ɓawon fayin da ɗan gawayi. Ban da fasasshen bulon siminti, ban da toka. Fayin ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, su kuwa waɗannan kashe tsamin suke yi. Gwajin mai sauƙi ne: zuba ruwa a sama, kafin ka ajiye butar ya kamata ya riga ya fara zuba ta ƙasa.

Ran da za ka yage ledar, za ka iya ganin wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe saiwoyin, yana ƙamshin naman kaza. Kada ka wanke shi, kada ka fesa masa magani. Naman gwari ne da ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da fayin: shi yana jawo masa ruwa da sinadarai daga ƙasa, itacen yana ciyar da shi. A ƙasashe masu zafi da dama, gwajin farko na dasa fayin bai yi nasara ba, 'ya'yan suka yi rawaya suka tsaya cak, har sai da aka ɗebo ƙasa daga gindin tsoffin fayin aka zuba musu. Don haka in ba ka ga farin abin ba, nemi izini inda akwai manyan itatuwan, ka kwaso tafi ɗaya na ƙasar sama haɗe da ruɓaɓɓen ganyen, ka cakuɗa a naka. Abin da za ka bambance shi da shi kawai ƙwarin saiwa ne, su ma fari ne, amma in ka zuba ido za ka ga ƙananan halittu a ciki, sau da yawa da tururuwa suna safa da marwa.

Wajen sauya masa mazauni, sa tsinke ka warware ƙasar sama a hankali har ka ga inda saiwoyin farko suka fito daga gindi. Sau da yawa suna can ƙasa da inda kake zato, don masu reno suna zurfafa dashe. Nan ne fuskar ƙasarka ta gaskiya. Uwar saiwar da ta miƙe ƙasa, rage ta, muddin akwai ƙanana a samanta da za su ci gaba da aiki. Na gefe ka shimfiɗa su ko ta ina, wadda ta hau kan 'yar'uwarta ka sauke ta. Ka bar aƙalla rabin tsohuwar ƙasar a jiki. Sauran sai wani zagayen. Sannan ka ɗaure itacen da waya ta cikin hujin kwandon yadda ko ka girgiza ba zai motsa ba, domin iskar farkon damina in tana kaɗa shi, sabbin saiwoyi tsinkewa suke yi tun ba su kama ba. Lokacin da na fi jin daɗin wannan aiki shi ne in ruwa ya zauna, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Maris zafi ya yi yawa, lokacin hunturu kuwa kada ma ka fara. Bayan dashen, sati biyu a inuwa mai haske, wata guda ba taki. Kuma shekarar da ka taɓa saiwa sosai, kada ka yi babban yanka a sama. Aiki babba ɗaya a shekara ya ishi fayin.

Yanzu batun rassan ƙasa. Cediya ko durumi in ka sare su har kututture za su tofo ta ko'ina. Fayin ba haka yake ba. Reshen da ka yanke har bai rage da ɗanyen ganye ba ya mutu ke nan, kuma gangar da ta yi ɓawo ta zubar da ganye ba ka da tabbacin za ta sake fitar da toho. Waɗannan 'yan ƙananan rassa da kake ganin sun ɓata masa fasali, da su za a gina itacen gaba ɗaya. Dogon kan da kake sha'awa kuwa na wucin gadi ne. Za ka bar shi ya yi ta tafiya sama, mita ɗaya, mita biyu, yana jawo abinci yana kumbura gindi, ran da gindin ya kai yadda kake so a sare shi, a ɗaga ɗaya daga cikin rassan ƙasa ya zama sabon kai. Haka ake samun jiki mai kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Duk wanda ya zo gidanka a shekarun nan zai tambaye ka wannan wace irin shuka ce mai kama da sanda. Ka ce masa aiki ake ciki.

Aikinka shi ne kada wannan dogon kai ya kashe na ƙasa, don fayin duk ƙarfinsa sama yake turawa. Ka riƙa tsige tsoffin ganyen da ke jikin dogon daga inda rassanka suka ƙare zuwa sama, ka bar masa tuntu kawai a can ƙoli, ka cire rassan gefensa masu yi wa na ƙasa inuwa. Juya kwandon duk sati ko biyu don kowane ɓangare ya sha rana. Akwai kuma wata ɗabi'a da caribaea ke yi a ƙasashe masu zafi: wani sai ya miƙe sambal mita da mita, ganye kawai, ko reshe ɗaya babu. In naka mai wannan hali ne kuma ba shi da komai a ƙasa, to a nan kaɗai zan ce ka datse kan, a cikin damina, ka bar ganye masu yawa a ƙarƙashin yankan, domin daga tsakiyar ɗaurin ganyen ne sabon toho kan fito. Shi ya sa ma nake ba kowa shawarar kada ya sayi ɗaya. Sayi biyar ko shida tunda ba su da tsada, ka zaɓi masu rassa kusa da ƙasa da gajerun gaɓoɓi. Wani zai mutu, wani zai ƙi tofo, wani kuma zai ba ka mamaki.

Ka lura da inda rassa huɗu ko biyar suka fito wuri ɗaya suka zagaye gangar. In ka bar su duka, wurin zai kumbura ya fi ƙasansa kauri, kuma wannan ƙullutun ba ya ɓacewa. A sashen da zai zama itacenka, rage su zuwa ɗaya ko biyu tun suna ƙanana. Ka bar ɗan guntu wajen yankan, ƙaron da zai fito shi zai toshe ciwon. Ƙaron in ya manne maka a hannu ko almakashi, man gyaɗa yana fitar da shi.

Waya kuwa bana ce ko baɗi, domin da zarar ya kai kaurin babban yatsa lanƙwasa ƙasansa ya zama wahala. In ka sauya masa kwando a Mayu, bari sai Oktoba ko Nuwamba, ya riga ya kama. Wayar tagulla ta wutar gida ta wadatar. Fere robar da wuƙa, ka sa tagullar a garwashi har ta yi ja, ka bar ta ta huce. Za ta yi laushi, kuma kana naɗa ta tana ƙara tauri, shi ya sa take riƙe lanƙwasa. Ta alminiyom ma tana yi, sai dai ka nemi mai kauri, wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin abin da za ka lanƙwasa, ko ka jera biyu. Soka bakin wayar cikin ƙasa a jikin gindi, ka naɗe zuwa sama a karkace, kusurwa 45, kana kauce wa ganye da ƙananan toho. Lanƙwasar farko ta kasance can ƙasa, cikin santimita biyar na farko. Wannan shi ne abin da sabbin shiga ke jin tsoro, sai su bar ƙasan a miƙe su yi ta murɗa sama, wanda daga baya sarewa za a yi. Ka lanƙwasa gaba da baya, ba hagu da dama kawai ba, kada kuma gwiwoyin su zama girma ɗaya a jere. Ka ɗan wuce yadda ido ke so, saboda kauri yana cinye lanƙwasa. Babban yatsa a cikin gwiwar, sauran yatsu a waje, a hankali, sau ɗaya. Lanƙwasawa da mayarwa da sake lanƙwasawa shi ke raba ɓawo da itace. In damina ta dawo ka riƙa dubawa duk sati biyu. Ɗan shatar waya a jikin yaron fayin yana ɓacewa, amma in ta nutse ta bar tabo. Wajen cirewa ka yanyanka ta da filaya, kada ka warware.

Rana yake so, awa shida ko fiye. Falo ba wurinsa ba ne, ko kusa da taga. In baƙi za su zo ka shigo da shi na yini ɗaya ka mayar. Ban ruwa ba shi da jadawali. Soka tsinken tsire a cikin kwandon ka bar shi, in ka zaro ka ji ya kusa bushewa ka ba shi har ya zuba ta ƙasa. A Agusta sai ka yi sati ba ka ɗauki buta ba. A Disamba da Janairu kuwa, sanyin Jos ba ya yi masa komai, busasshiyar iskar ce matsala, tana ratsa hujin kwando ta ko'ina, wata rana sai ka ba shi safe da yamma. Ni nakan naɗe kwandon da buhun algarara a lokacin, in kuma wanke ƙurar da ke kan ganye. In hadarin farkon damina ya haɗu baƙi ƙirin, ja su ƙarƙashin rumfa, ƙanƙara tana karya sabon toho.

Taki a wannan mataki ba a rowarsa. Japanawa da tunkuzar wani iri mai mai suke amfani, mu ga ta gyaɗa. Mulmula ta ƙanana, wadda ba a sa wa gishiri ba, ka shanya ta bushe, ka ɗora uku ko huɗu a gefen kwandon, ka sauya duk wata. Ɓera da kaji za su yi maka rakiya, sai ka kife wa tunkuzar ɗan murfi mai huji. In takin zamani ne, NPK 15-15-15 'yan ƙwayoyi kaɗan nesa da gindi. Yuriya da hannu kuwa, kwana uku ganyen zai ƙone. Kwandon kuma a kan tebur ko bulo, saboda gara, da akuyar maƙwabta.

Maganar gajarta ganye da yanke toho da ka gani ana yi, da saura, sai gindi ya yi kuma an sare dogon kai, abin da zai ɗauki shekara huɗu zuwa shida in itacen yana jin daɗi. Sarewar ma kashi-kashi ake yi, rabi bana, sauran baɗi, don kada na ƙasa su firgita. Bayan nan ne za ka fara yanke sabon tohon shekara daga gindinsa, ka bar 'yan milimita, itacen ya sake fitar da wasu da yawa a wurin, masu gajerun gaɓoɓi da gajeren ganye. A Japan wajen Yuni da Yuli suke yi wa baƙin fayin haka, suna lissafin kwanakin da suka rage kafin sanyinsu. Mu lissafinmu na ruwa ne. Nawa ina yi a farkon Yuni, yadda sabon tohon zai sami damina ya ƙosa kafin iska ta juya, sannan wajen Nuwamba in zaɓi biyu a bakin kowane reshe, masu ƙarfi ɗaya, in cire sauran. Reshe mai rauni ba a taɓa shi. Kuma ka fara gwadawa a reshe ɗaya ka ga yadda itacenka zai amsa, don caribaea ba ya bin littafin Japan layi-layi. Ganyen zai ragu in bakuna suka yi yawa, amma kada wani ya ce maka zai koma kamar na Japan. Masu datse ganyen da almakashi suna samun kyan sati biyu, daga nan bakin kowane tsinke ya yi ja.

Wani ɗan'uwa daga Abuja ya tambaya a ƙarƙashin saƙonka ko shi ma zai iya. Zai iya, amma Jos tana sama da mita 1,200, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma zafin Fabrairu zuwa Afrilu a can yana dafa saiwa a cikin baƙar roba. Sai ya nemi kwando mai haske, ya kare shi daga ranar yamma, kada ya ajiye a kan siminti. Ni da a Abuja nake da Casuarina zan fara. Masu sayen irin farin fayin na Japan ta intanet kuma su adana kuɗinsu, wannan sai da sanyin ƙanƙara na watanni yake rayuwa, ko Jos ba ta da shi.

Malam, ka share ƙasar saman ledar kamar zurfin gaɓar yatsa biyu, ka ɗauko mana hoton gindin ta ɓangare huɗu, da hoton ɗaurin ganye ɗaya a tafin hannunka. Da su za a iya gaya maka wane reshe za ka riƙe da kuma ta ina lanƙwasar farko za ta bi.